Amsoshin Tambayoyinku: Excel da Lissafin Injiniyanci

Tambaya: Malam, na rubuta makro (jerin umarnin da Excel ke aiwatarwa da kansa) da VBA (yaren da ake rubuta shi da shi) a kwamfutar ofis, amma ya ƙi aiki a wayata. In canja waya ne? Daga mai karatu a Gombe.

Amsa: Haba! Ko ta miliyan ka saya ba zai yi ba, Excel ɗin waya ba ya karanta VBA. Riƙe kuɗinka.

Tambaya: Ina ajin ƙarshe a jami'a. Na rubuta SIN(30), sai ya ba ni -0.988 maimakon 0.5. Kwamfutata ce ta lalace? Hankalina duk ya tashi. Daga ɗaliba a Zariya.

Amsa: Kwantar da hankalinki 'yata, kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Excel da radiyan yake auna kusurwa, ke kuma digiri kika ba shi. Rubuta SIN(RADIANS(30)), za ki ga 0.5 ɗinki. Manyan injiniyoyi ma sun sha faɗawa wannan rami. Allah ya ba da sa'a.

Tambaya: Ana tallar wani fayil a WhatsApp, naira dubu 15, wai yana fitar da lissafin bim (gungumen kankare mai ɗaukar nauyin gini) da rodi. A kulle yake, ba a ganin cikinsa. In saya? Daga injiniya a Kano.

Amsa: Kada ka kuskura, Injiniya. Sayen kifi a ruwa ke nan. Wa ya rubuta shi? Da mita yake aiki ko da ƙafa? Ran da ginin ya tsage, mai fayil ya kashe waya, sa hannunka za a gani a takarda. Ga kuma cuta: makro na iya ɗauko ƙwayar da za ta cinye maka fayiloli, shi ya sa tun 2022 Microsoft ke toshe makron da ya zo ta intanet. Amma mutanenmu ko a jikinsu, duk abin da aka ce danna sai su danna.

Abin takaicin, lissafin ba wani gagarumi ba ne. Nauyin rodi a kowace mita d²/162 ne, d shi ne kaurinsa a milimita: mai 12mm kilo 0.89, sanda ɗaya mai mita 12 kusan kilo 10.7. A cikin Excel danna Alt da F11, buɗe Module, wato shafin rubuta makro, layi uku ya ishe ka rubuta naka. Ka adana shi a .xlsm, wato nau'in fayil ɗin Excel mai riƙe makro, in ba haka ba aikin ya bi ruwa. Sannan ka gwada da kalkuleta tukuna, ka kuma auna kaurin rodin da aka kawo maka, don ba kowane "sha biyu" na kasuwa ne ya cika sha biyu ba.