Darduma, Kilishi da Buzu: Amsoshin Tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Ƙofar Sauri, Katsina: Malam, na ji wani dattijo ya ce Sarki ya zauna bisa kilishi. Ni kilishin da na sani na ci ne. Ko bakinsa ne ya kuɓuce?

Bakinsa bai kuɓuce ba, ɗana, kai ne kalmar ba ta iso gare ka ba. Kilishi biyu ne a Hausa. Akwai na mahauta, akwai kuma shimfiɗar ulu mai kauri wadda ake yi wa sarakuna. A fadar Kano har sarauta ce a cikin bayin sarki, Kilishi, wanda shimfiɗar Sarki ke hannunsa.

Abin da zan so ka tambayi kanka shi ne, me ya sa shimfiɗar ulu ta zama ta sarakuna da attajirai? Dubi tumakinmu. 'Yankasa da Uda da Balami duk gashi gare su, gajere mai kaushi, wanda ba ya kaɗuwa a mazari. A Afirka ta Yamma tumakin da suka yi suna da ulu su ne na Masina, a ƙasar Mali, inda masaƙan Fulani ke yin bargunan nan masu nauyi. Mu auduga Allah ya ba mu, da ita muka yi gwado da luru da saƙi. Saboda haka duk shimfiɗar ulun da ta shigo Katsina a da, baƙuwa ce. A bayan raƙumi ta keto hamada, daga Tarabulus ta Gadamas da Gat da Agadas, ta sauka a hannun fatake irin Larabawan da suka zauna a unguwar Albaba. Kayan da ya yi watanni a hanya ba talaka ne zai taka shi ba.

Ku da kuka karanta Risala kun san nisbar mai ita, Alƙairawani. To birnin nan nasa, Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, har yau da saƙar darduma aka san shi. Mutanen can suna ce mata zarbiya, kalmar da jam'inta ya zo a aya ta 16 ta Suratul Gashiya, inda ake siffanta shimfiɗun Aljanna. Yaro yana karanta “zarabiyyu” a allo tun yana ɗan shekara bakwai, ya girma bai san abin da ake shimfiɗawa a zauren Sarki ake nufi ba. Wannan yana damuna ƙwarai.

Wata baiwar Allah daga Daura: Darduma ne daidai ko dadduma?

Duka biyun. Harafin “r” ne ya narke cikin “d” na gabansa, kamar gardama da gaddama, ko harda da hadda. A rubutu ki fi son darduma.

Wani ɗan kasuwa daga babbar kasuwar Katsina: Ranka ya daɗe, masu saye duk kafet suke ce wa kayanmu. Akwai bambanci tsakaninsa da darduma?

Alhaji, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ba na faɗa da aron kalma. Kafet daga Turanci ta zo, ta kuma sami gurbinta: shi ne wanda inji ya yi, ake yankowa daga nadi a malale ɗaki bango zuwa bango. Damuwata ita ce yadda ta haɗiye 'yan'uwanta. A da Bahaushe yana da tabarma ta kaba, da karauni, da buzu, da agalemi, da darduma, da kilishi, kowace da wurinta da mai zama a kanta. Yau matashi zai shiga masallaci ya ce a miƙo masa kafet, alhali sallaya yake nufi.

Kuma sunan yana da hakki a kan aikin. Darduma ta asali, irin ta Iran da Turkiyya da Afganistan, ƙulla ta ake yi. Ana kafa zaren tsaye a masaƙa mai tsayuwa, mai kama da wadda matanmu ke saƙa a kanta, ba irin ta maza mai fitar da sawaye siri-siri ba. Sai masaƙiya ta ɗauki guntun ulu ta ƙulla a jikin zare biyu, ta yanke, ta matsa gaba. In layi ya cika ta ratsa zaren kwance, ta daddanna da ƙarfe mai haƙora, ta soma sabon layi. Ƙullin ma iri biyu ne: na Turkawa yana naɗe zaren biyu daidai wa daida, na Farisawa yana naɗe ɗaya ya ratsa ƙarƙashin ɗayan. Babbar darduma takan ci watanni, wata har shekaru. Launin shuɗi da baba suke rina shi, babar nan dai da marinanmu suka sani a karofi, rawaya kuma sukan samo ta daga ɓawon rumman.

Sana'ar tsohuwa ce. A 1949 aka tono wata darduma ƙullalliya a wani kabari da ƙanƙara ta daskarar a Fazirik, cikin duwatsun Altai na Saiberiya. Ta haura shekara 2,000, tana nan a gidan tarihi a birnin San Fitasbag na Rasha, da hotunan dawaki da mahaya a gefenta. Wata kuma, ta garin Ardabil na ƙasar Iran, tana ɗauke da shekarar 946 ta Hijira a jikinta, tana Landan yanzu.

In kana so ka raba wa mai saye gardama, kifa dardumar. Ta hannu za ka ga zanen ya fito sarai a bayanta, ƙulli-ƙulli, da ɗan karkacewa nan da can. Gezar bakinta kuwa zaren tsayen ne da kansa ya fito, ba ɗinka ta aka yi daga baya ba. Abin da aka yi wa wannan wahala bai kamata a kira shi da sunan abin da inji ke fitarwa cikin sa'a guda ba.

Wata malamar makaranta daga Dutsinma: Ulu Hausa ce?

Aro ce daga Turanci, ta zauna daram. Sai dai yawancin abin da ake sayar muku da sunan zaren ulu na saƙar hular jarirai roba ne. Kusanta silin da wuta: ulun tunkiya ƙaurin babbaka yake yi ya zama toka mai murmushewa, na roba narkewa yake ya dunƙule.

Wani mai karatu daga Mashi: “Saka da mugun zare” na gani a jarida. Wato an sāka wa mutum alheri da sharri ke nan?

A'a. Saƙa ce, da ƙ mai lanƙwasa, kuma zaren da ke cikin maganar shi ne shaida. Kalmomi uku ne rubutun ganganci ke cakuɗawa: saka hula, Allah ya sāka da alheri, da saƙa zane. Wanda ya yi maka saƙa da mugun zare ya karɓi aikinka da fara'a, ya cusa ruɓaɓɓen zare a tsakiya inda idonka ba zai kai ba, sai ka ɗaura zanen ya yage a bainar jama'a. Cuta ce ta ɓoye daga wanda ka amince wa. Ramuwar alheri da sharri daban ce, wannan butulci ake ce mata.

Wayar hannu ta zamani tana iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ in an saita ta. Ina roƙon masu rubutu, musamman 'yan jarida, su daure su yi. Ka cire lanƙwasar nan, “ba a nan gizo ke saƙa ba” ta tashi daga magana, “saƙar zuci” ma haka. Yaranmu ba su ga masaƙi zaune da ƙoshiya a hannu ba, ba su ga ana wadari a ƙofar gida ba, ba su san abawa da arafiya ba. Abin da ya rage musu na sana'ar shi ne waɗannan karin magana, to kada mu ɓata su a rubutu.

Wani almajiri daga Gafai: Gafarta Malam, me ake nufi da wane ya gaji buzu?

Buzu fatar rago ce da aka jeme da gashinta, malami yana zama a kai ya ba da karatu, ya kuma yi salla. Wanda ya gaji buzu ya gaji zaman koyarwa a zauren mahaifinsa ko malaminsa. Lura da cewa Sarki da kilishi aka san shi, abin da aka sayo daga nesa da tsada, malami kuwa da fatar ragon layya wadda kowane gida ke iya samu. Babu ruwan wannan da Buzu mutumin Azbin a ma'ana.

Wata uwargida daga Ƙofar Marusa: Ana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Yanzu da kujeru suka cika ɗakuna, ba za a sauya ba?

Kada a taɓa ta, Hajiya. Karin magana ba ya bin kayan ɗaki. An zaɓi tabarma ne don ita ce shimfiɗar da ko mafi talaucin gida ba ya rasa ta, kuma ita ce farkon abin da ake yi wa baƙo kafin ruwa. Haka “tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta”: tabarma ce ake naɗewa da hannu ɗaya a tashi da sauri, kujera ba ta naɗuwa.

Wani daga Mai'aduwa: Mene ne jam'in darduma?

Dardumai. Kuma mace ce: darduma ta tsufa, ba ya tsufa ba.