Tambaya da Amsa: Wane ne GlobalG.A.P. da zai hana ni sayar da citta?

Tambaya: Ina sayen ɗanyar citta a Kachia, ina tarawa a Jos. Na yi rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, banki ya cika mini fom ɗin NXP na fitar da kaya, amma mai sayen da na samu a Jamus ya ce sai na kawo takardar GlobalG.A.P. Wace hukuma ce wannan? — Mai karatu daga Jos

Amsa: Alhaji, ba hukuma ba ce. Manyan kantunan Turai ne suka haɗu a 1997 suka tsara ƙa'idojin noma da sunan EurepGAP, aka sauya sunan zuwa GlobalG.A.P. a 2007. Babu dokar da ta wajabta takardar, amma kantin da zai saya ya wajabta, kuma shi ke riƙe da kuɗin.

Ka bambanta ta da takardun gwamnati. Shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar killace amfanin gona ta Najeriya, take fitowa, kuma a tashar Turai ana gwada ragowar maganin ƙwari. Maganin da ba a ware masa iyaka ba, miligiram 0.01 a kowane kilo ne ƙarshensa. A nan busasshen wakenmu ya faɗi a 2015, saboda dichlorvos, wato sinadarin da ke cikin Sniper, da ake zubawa a buhu.

GlobalG.A.P. kuwa gonar ake dubawa, ba buhun ba. Ga inda matsalarka take: citta ce ta manoma da yawa, an cakuɗa ta a kasuwa, ba wanda zai ce daga wace gona ta fito. Mafita ita ce ka haɗa manoman a ƙungiya mai rajista, ku nemi takardar rukuni. Kowane manomi ya riƙa rubuta sunan maganin da ya fesa, ranar feshi, yawansa, da kwanakin da ya jira kafin haƙa. A tanadi wurin ajiyar magani mai kulle, kayan kariya na mai feshi, da gwajin ruwan wanki. Mai binciken kamfani ne mai zaman kansa, ku za ku biya shi. Ba ya zagaya kowa: cikin manoma 100 yakan zaɓi 10, amma idan littafin bayanan rukunin ya gaza, kowa abin ya shafa. Littafin da aka cike dare ɗaya da biro ɗaya, ba ya ɓuya.

Takardar shekara ɗaya take yi, sai a sabunta. Mu a ganinmu, kada ka kashe ko kwabo sai mai sayen ya rubuto yawan tan da farashin da zai biya.