Kafin ka nemi gurbin karatun lakar kogunan ƙanƙara

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma shi ne na huɗu irinsa cikin wata biyu. Ka ce ka gama digirin farko a ilimin ƙasa da duwatsu, ka ga hotona cikin kwale-kwale a kogin Makenzi na arewacin Kanada, kana so in haɗa ka da malami ka zo Kanada ka yi irin aikina. Sauran ukun a layi biyu na sallame su, don na gane biza kawai suke nema. Kai kuwa ka tambayi yadda ake sanin yanayin zamanin ƙanƙara daga laka da rairayi, shi ya sa na zauna in amsa maka da kyau.

Kusan shekara 21,000 da suka wuce, ƙanƙara ta lulluɓe mafi yawan Kanada, kaurinta a wasu wurare ya kai kilomita 3. Ruwan duniya ya daskare a kan tudu har teku ta ja baya da kimanin mita 120, Saiberiya da Alaska suka zama ƙasa ɗaya da ake takawa da ƙafa. Wannan kowane littafi zai gaya maka. Aikinmu shi ne sanin inda bakin ƙanƙarar ya tsaya, yaushe ta iso, yaushe ta janye. Ƙanƙara in ta tafi takan share sawunta, amma kogunan da suka kwashi narkakken ruwanta sun bar shaida a gaɓa. Tsakuwa manya na nuna ruwa mai ƙarfi, laka mai laushi jere-jere na nuna tabki. In ka tsinci dutsen giranit a gindin tsaunukan Ricadsin na arewa maso yammacin Kanada, inda babu irinsa a ƙasan wurin, ka san ƙanƙara ce ta ɗauko shi daga gabas mai nisa. Da irin wannan shaida aka gane cewa ƙanƙara ta taɓa tare hanyar ruwa a arewacin yankin Yukon na Kanada, tabkuna suka taru, kogin Fokufain ya juya yamma ya koma zuba cikin kogin Yukon.

Abin da ba a gaya mini ba kafin in zo, kuma shi ya fi ƙona mini rai, shi ne kogi ba ya ajiye kayansa a jere. Yau ya zuba, gobe ya kwashe, jibi ya haɗa sabo da tsoho ya jibge a wani wuri. A shekarata ta farko na ciro guntun itace daga wata gaɓa, na naɗe shi da murna, aka auna shekarunsa da kabon-14, wani sinadari da ke raguwa a hankali a jikin abin da ya mutu. Sakamako ya dawo, itacen ya girmi shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa da dubban shekaru. Ba kuskuren na'ura ba ne. A daskararriyar ƙasa itace ba ya ruɓewa. Sai ya kwanta shekaru aru-aru, gaɓa ta zube, ruwa ya ɗauke shi ya sake binnewa kamar sabo. Tun daga nan na daina kallon manyan itatuwa. Ina zama da madubin ƙara girma ina tsintar ƙananan iri da ganyaye masu rauni, waɗanda da sun yi doguwar tafiya da sun ragargaje. Ko su ɗin ma, kabon-14 rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730, don haka bayan shekara 50,000 ba ya iya gaya maka komai.

Sai kuma auna rairayi da haske, wanda a kansa na gina digirina na digirgir. Ƙwayar rairayi in an binne ta, tana tara wani ƙarfi daga tururin yuraniyam da toriyam da fotasiyam da ke kewaye da ita. Hasken rana ke wanke wannan ƙarfi. A ɗakin gwaji muna haska ta, mu auna ɗan hasken da ta fitar, mu lissafa yaushe rabonta da ganin rana. Shi ya sa a gaɓa muke buga baƙin bututu cikin bango da guduma, mu toshe bakinsa biyu, a ɗakin gwaji kuma ba a kunna fitila sai ja mai duhu-duhu. Na yi watanni a wannan ɗaki ina wanke rairayi da asid, ba na ganin yatsuna sosai. Matsalar ita ce ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙanƙara jagwalgwalo ne, fari-fari kamar an dama alli, rana ba ta ratsa shi. Ƙwayoyi da yawa sukan koma ƙasa ba su wanku ba, sai su ba ka shekarun da suka zarce gaskiya. Dole na koma auna ƙwaya ɗaya-ɗaya, dubbai, ina neman ƙalilan da suka ga rana sosai.

A nan ne aka yi mini abin da har yau ban manta ba. Kayan da na tattaro a bazara guda, na lulluɓe su, na rubuta a jiki da manyan haruffa cewa kada a buɗe cikin haske, wani a hanyar jigila ya buɗe kusan rabinsu. Aikin wata biyu a daji ya tafi a minti kaɗan. Ba a komawa sai wata bazara, domin lokacin aiki a can gajere ne, kogi sai wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni yake fashewa daga ƙanƙara. Shekara guda ta ƙaru a kan karatuna, kuɗin tallafi kuma bai ƙaru ba. Wallahi a mota na zauna na yi kuka ranar.

Amma kada ka ɗauka aikin banza ne. Kimanin shekara 12,900 da suka wuce, duniya tana cikin ɗumamawa sai sanyi ya komo kwatsam, ya zauna har wajen shekara 11,700 da suka wuce. Masana da yawa na ganin ruwa mai daɗi ne daga babban tabkin Agasiz, wanda narkakkiyar ƙanƙara ta tara a tsakiyar Arewacin Amurka a wancan zamani, ya ɓalle ya shiga teku, ya rage ƙarfin zagayen ruwan Atilantika da ke kai ɗumi arewa. An daɗe ana cewa ta gabas ruwan ya bi, ta kogin San Lorens. A 2010 Julian Murton da abokan aikinsa suka fitar da shaidar tsakuwar ambaliya a yankin bakin Makenzi, wadda aka auna da wannan hanya ta haske, suka ce ta nan ruwan ya bi zuwa Tekun Aktik. Har yanzu ana gardama. Ranar da na fara tsayawa gaban bango irin wannan, na sa hannu a kan layin da rairayi ya yanke tsakuwa ta hau, tsigar jikina ta tashi. In Allah ya ba ka sa'a kuma ka samu tokar dutse mai aman wuta a shimfiɗa, kamar tokar Dosin ta yankin Kulondaik mai kusan shekara 30,000, to ka samu alamar da ba ta ruɗi.

Sanyi kake tsoro, na gani a saƙonka. A bazara muke fita, kuma sauro ne zai fara gaishe ka, mai yawan da sai ka rufe fuska da raga kafin ka iya rubutu. Akwai beyar, za a koya maka yadda ake kiyaye ta, kada ka yi wasa da wannan darasi. Hanyar Demsta zuwa Inubik, garin da ke yankin bakin Makenzi, ta tsakuwa ce, fiye da kilomita 700. A Inubik rana takan yi kwana 56 ba ta faɗi ba. Akwai masallaci da aka gina a Winifeg aka kai shi can a 2010 ta mota da jirgin ruwa, jama'arsa za su nuna maka yadda suke tsara lokutan salla. Ƙasar kuma tana da masu ita, al'ummomin asali na Inubiyaluwit da Gwicin. Ba ka haƙa ko cokali ɗaya sai da lasisin bincike da tuntuɓarsu. Wani dattijo mai tuƙa mana kwale-kwale ya nuna mini gaɓar da ta zube wadda taswirarmu ba ta sani ba, a can na samu mafi kyawun kayana.

Ka kuma shirya wa kallon mamaki. Sau da yawa an tambaye ni me ya kawo ɗan Afirka nazarin ƙanƙara, wani ma a taro ya ɗauka ni mai ɗaukar kaya ne har sai da na hau mimbari. Na gama, takarduna sun fito da sunana a farko, kuma ba wanda ya yi mini alfarma.

Batun kuɗi: a farkon 2024 Kanada ta ɗaga abin da ɗalibi zai nuna na zaman shekara daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta, ta kuma rage yawan izinin karatu. Kada ka taso sai malami ya rubuta maka tallafi a takarda, har da kuɗin fita daji da na awo, don su ne masu cin kuɗi. Kogunan Saiberiya irin su Lena kuwa, tun 2022 haɗin gwiwa da Rasha ya tsaya, kada ka gina buri a kansu.

Ba zan tura sunanka ga kowa ba tukuna. Ka nemi bangon kogi ko ramin da aka yanka, ka zana shimfiɗunsa daga ƙasa zuwa sama da awon kowace ɗaya, ka rubuta mini shafi biyu kan abin da kake ganin ya faru a wurin da kuma inda kake shakkar kanka. Ka haɗo da sakamakonka na lissafi da kimiyyar sinadarai. In na karanta, sai mu yi maganar malami.