Haƙoran 'Yata Sun Hau Kan Juna: Dole Ne Sai An Cire?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 9 tana cikin famfara, kuma sabbin haƙoranta na gaba na ƙasa sun fito a cunkushe, har ɗaya ya leƙo ta bayan ɗan'uwansa. Likitan da ya duba ta ya ce idan ta gama famfara za a cire haƙora huɗu kafin a sa mata wayar jera haƙora. Shin babu wata hanya?
— Wata uwa daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Akwai hanyoyi, kuma sa'ar da kika yi ita ce kin tambaya tun yarinyar ba ta gama famfara ba, domin mafi sauƙinsu a wannan shekarun kaɗai take aiki.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne turamen yarinta, waɗanda ke faɗuwa tsakanin shekara 10 zuwa 12, sun fi haƙoran da za su gaje su faɗi. Idan suka faɗi sukan bar rarar wuri kimanin milimita 2 a kowane gefe na muƙamuƙin ƙasa, amma babban turmin nan da ya fito tun tana shekara 6 yakan matso gaba ya cinye rarar. Saboda haka likita yakan ɗaura wa manyan turamen nan biyu, na dama da na hagu, zobba, ya haɗa su da siririyar waya da ke bi ta bayan haƙoran gaba, inda harshe yake taɓawa. Wayar ba ta tura komai, tsare wuri kawai take yi, sai haƙoran da suka matsu su samu inda za su miƙe. Idan cunkoson bai wuce milimita 4 ba, sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake jin takaici idan na ga an fizge turmin yaro saboda kogon da ciko zai iya magancewa, wai ai haƙorin yarinta ne. Shi ne mai gadin wurin wanda zai biyo bayansa.

Idan kuma muƙamuƙin sama ne ya yi ƙunci, akwai na'urar faɗaɗa ganda. Ƙashin ganda ɓari biyu ne, kuma ba sa gama haɗewa sai bayan balaga, don haka kafin lokacin ana iya buɗa tsakaninsu a hankali. Uwa ce take murɗa na'urar da ɗan makulli sau ɗaya ko biyu a rana, kowace murɗa kimanin rubu'in milimita. Cikin 'yan kwanaki za ki ga wushirya ta buɗe. Kada ki firgita, takan rufe daga baya. Sai dai ƙashin muƙamuƙin ƙasa ya haɗe tun jarirantaka, ba a buɗa shi haka, kuma ga 'yarki matsalar a ƙasa take.

Ana kuma iya goge gefen wasu haƙora kaɗan, abin da bai kai rabin milimita ba, ko a tura turamen sama baya.

Ba zan ce miki likitanku ya yi kuskure ba. Wannan gardama tsohuwa ce: Edward Angle na Amurka, wanda ya kafa fannin jera haƙora na zamani, ya ƙi cirewa ƙememe, amma ɗalibinsa Charles Tweed ya ga haƙoran waɗanda ya yi wa aiki suna komawa gidan jiya, ya dawo yana cirewa. Idan ƙarancin wurin ya kai milimita 10, tilasta wa haƙora su jeru yakan turo su waje, dasashi ya janye, leɓe ya kasa rufuwa, kuma a nan cirewar ce alheri.

Ki nemi ƙwararren likitan jera haƙora, wanda aka fi samu a asibitocin koyarwa, ya ɗauki hoton muƙamuƙi gaba ɗaya, ya auna baki. Sannan ki tambaye shi kai tsaye: milimita nawa ne babu, kuma nawa za a iya cetowa kafin turamen yarintarta su faɗi?