Mene Ne Kishiyar Saɓani?

Wani malamin firamare daga Unguwar Rogo a nan Jos ya aiko da tambaya. Ya ba 'yan aji shida aikin kawo kishiyar kalmar "saɓani". Wasu suka rubuta yarda, wasu sulhu, wasu jituwa, shi kuma ya rasa wanda zai ba maki.

Malam, kada ka soke kowa tukuna. Dubi yadda muke amfani da kalmar. Ka tafi gidan abokinka a Gangare, shi kuma ya biyo wata hanya ya nufo naka, sai ku ce "mun yi saɓani". Babu faɗa, hanya ce ba ta haɗa ku ba. Daga nan ne ma'anar ta kai ga ra'ayi da zuciya. Shi ya sa kishiyarta ta dogara da inda aka saɓa: a magana ne, ko a zaman tare, ko har an kai ga ba-ta-kashi.

Yaran da suka rubuta jituwa su suka fi kusa. Kalmar daga "ji" take: mutane sun jitu idan wannan yana jin wancan. Jituwa ba ta bukatar takarda ko shaidu. Kishiyoyi biyu da ke girki a madafa ɗaya, wannan ta riƙe wa waccan goyo, su ake cewa sun jitu, ko suna shiri, ko suna ɗasawa. In abin ya lalace a ce ba sa ga-maciji. Kuma jituwa ba ta hana ɗan saɓani, don Bahaushe ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa, ko tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Yarda kuwa aro ce daga Larabci, tushenta ɗaya da "radiya" da muke ji a "radiyallahu anhu". Mutum ɗaya yana iya yarda shi kaɗai, ba kamar jituwa ba. Idan ɓangare biyu suka yarje wa juna, sai a sami yarjejeniya. Lura da yadda "d" ta koma "j" a gaban "e", kamar gudu da guje, gida da gidaje. Ƙarshen kalmar yarjejeniya kuma yana nuna abin da ake yi wa juna, irin na turereniya a bakin mota. Yarda ita ce kishiyar ƙi da musu, saboda haka a ba yaran da suka rubuta ta rabin maki.

Sulhu ne nake so ka tsaya ka yi wa ɗalibanka bayani a kai. Ba a sulhu sai an ɓata. Alƙur'ani ya ambace shi a Suratun Nisa'i, aya ta 128, kan miji da mata, inda ya ce sulhu alheri ne. Sulhun Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan Hijira, an ƙulla shi ne tsakanin ɓangarorin da suka gwabza a Badar da Uhudu, kuma ba wanda ya bar aƙidarsa ranar. Mu mutanen Jos mun san wannan a jikinmu. Bayan rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, an yi zaman sulhu iri-iri, har gwamnatin Filato ta kafa hukumar samar da zaman lafiya a 2016. Amma kowa ya ga yadda unguwanni suka rabu, mutane suka sayar da gidaje suka koma cikin nasu. Sulhu yana tsayar da faɗa, jituwa kuwa takan zo daga baya, in ta zo. A ganina masu fassara labarai suna kuskure duk lokacin da suka ce "an samu jituwa" alhali hannu kawai aka sa a takarda.

Wata ɗaliba daga Jami'ar Jos ta tambayi bambancin ittifaƙi da ijma'i. 'Yata, dukansu Larabci ne. Ittifaƙi shi ne ra'ayi ya zo ɗaya a kan wata magana, ko ta addini ko ta duniya. Ijma'i kalmar malaman fiƙihu ce, haɗuwar malamai a kan hukunci, kuma ana lissafa shi cikin tushen shari'a bayan Alƙur'ani da Sunna, kafin ƙiyasi. Kada ki ce 'yan ƙungiyar unguwa sun yi ijma'i kan kuɗin gyaran kwata, ya yi musu nauyi. Ki ce bakinsu ya zo ɗaya, ko sun cim ma matsaya.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dillalin kayan gwari ce a kasuwar Farin Gada. Ya ce an yi taron 'yan kasuwa, shugaba ya kawo magana, kowa ya yi shiru, sai aka rubuta cewa an amince baki ɗaya. Shin shiru yarda ce?

Alhaji, sana'arka ta riga ta ba ka amsa. Mai saye ya taya kwandon tumatir, in bai yi maka ba ka ce "albarka", in ya yi ka ce "na sallama". Idan ka yi shiru ka kau da kai, wa zai ɗora kwandon a kura ya tafi? Gaskiya ne a fiƙihu ana ɗaukar shirun budurwa a matsayin izini wajen aure, saboda kunya, amma wannan hukunci ne na wurinsa. Karin maganar da mutane ke jawowa, "shiru ma magana ce", ba ta ce wace magana ba. Shirun tsoro daban, na raini daban.

Hausa tana da sunan wanda ya bi ba don ya gamsu ba: ya miƙa wuya. Masu cewa "haka ne, ranka ya daɗe" ga duk abin da babba ya faɗa kuma su ne 'yan amshin Shata, daga masu karɓa wa marigayi Mamman Shata waƙa, wanda ya rasu a 1999. Su na asali aikinsu suke yi, kuma sun iya shi, amma idan aka laƙaba wa 'yan majalisa ko 'yan kwamiti sunan, zagi ne. Saboda haka a taro na gaba, ka nemi a tambayi kowa ya ce na'am ko a'a da bakinsa kafin sakatare ya rubuta "baki ɗaya". In ba a yi haka ba, abin da ya dace ya rubuta shi ne "ba wanda ya tanka".