Me Ya Sa Zawon 'Yan Maruƙa Ke Dawowa Bayan Magani?

Tambaya: Likitan dabbobi ya duba kashin 'yan maruƙana ya ce Giardia ce. Na ba su magani sun warware, ba a yi wata ba zawon ya dawo. Jabun magani aka sayar mini? Kuma babu rigakafi ne?

Amsa: Malam, ba lallai maganin ne da laifi ba. Giardia ƙwaya ce da ido ba ya gani, tana manne wa bangon ƙaramin hanji ta hana abinci shiga jiki, sai ɗan maraƙi ya riƙa zawo yana ramewa. Magungunan fenbendazole da albendazole suna kashe ta, amma ba sa taɓa wadda ke zube a turke.

Ga abin da ke sa ta wuyar sha'ani. Jikinta lulluɓe yake da wani furotin, kamar riga, kuma da wannan rigar garkuwar jikin dabba ke gane ta. Tana da irin rigunan nan wajen 200, ɗaya take sawa a lokaci guda. Kafin jiki ya gama haɗa makamin yaƙar ta farko, wasu ƙwayoyin sun sauya wata, su tsira su ci gaba da hayayyafa. Shi ya sa dabba ke daɗewa da ita, ta warke kuma ta sake kamuwa. A 2008 masanin kimiyya Hugo Luján da abokan aikinsa a Ajantina suka bayyana yadda take wannan sauyi, har daga baya, a 2010, suka ba da rahoton gwajin rigakafi mai haɗe da rigunan gaba ɗaya a jikin dabbobin gwaji. Amma allurar da za ka saya ka yi wa shanu babu ita tukuna.

Don haka aikin yana turke. Ƙwayar tana fita a kashi cikin ƙwanso mai tauri, tana makonni da rai inda ke da danshi da inuwa. Rana da bushewa ne ke kashe ta. Ranar da ka gama ba da magani, mayar da su busasshen wuri, a kwashe kashin tsohon a bar rana ta gasa shi. Ɗaga kwamin ruwa yadda kashi ba zai faɗa ciki ba, a nan aka fi yin sakaci. Sabon haihuwa ya sha dakashi ya ƙoshi tun awannin farko, kuma kada a cakuɗa shi da manya.

In zawon ya sake dawowa, a kai kashi gwaji na kwanaki daban-daban, domin ba kullum ƙwayar ke fita ba. Mai kula da su ya wanke hannu da sabulu, wasu nau'o'inta suna kama mutum.