Amsa: A cire yaro don makarantarsa ta zo ƙasa a jerin OBC?

Hajiya, kin ce lisen (makarantar sakandare) da ɗanki yake a Garwa ya zo can ƙasa a jerin makarantun da hukumar OBC, mai shirya jarrabawar sakandare a Kamaru, ke fitarwa bayan Probatoire da Bac, wato jarrabawowin azuzuwa biyu na ƙarshe, kina tambaya ko ki cire shi. Ni dai ina ganin ki dakata tukuna.

Jerin nan yana duba kashi nawa cikin ɗari na ɗalibai suka ci jarrabawa ne. Wasu makarantun kuɗi kan tace ɗalibai tun kafin rajista, mai rauni a ce ya je ya yi rajista da kansa, sai sakamakonsu ya fito fes. Lisen gwamnati kuwa kowa nasa ne, ga aji cike maƙil, yara huɗu a benci ɗaya, malamin lissafi ɗaya yana zagaya azuzuwa.

Ki je taron APEE, wato ƙungiyar iyaye da malamai, ki nemi shugaban makaranta ya kawo sakamakon shekara uku, darasi-darasi. Yara nawa suka fara shekara, nawa suka zauna jarrabawa? In Faransanci ne ke kayar da su kullum, to kuɗin da iyaye ke tarawa ya tafi wajen ƙarin darasi a nan. In ya ƙi nunawa, a lokacin ne zan ce ki nemi wata makarantar.